Fatawar Gareji: Tsohon Inji, Baƙin Mai da Sanyin Hunturu

Akwai wata fatawa da ta game garejin kanikawa, tun daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna: wai tsohuwar mota sai baƙin mai mai kauri. Ba a kawo mata hujja, kuma ba mai neman hujjar. Oga ya gaje ta daga ogansa, yaron gareji ya haddace ta tun bai iya riƙe sifana ba, mai mota kuma ya karɓa ya wuce, domin a ganinsa magana ce da hankali ya yarda da ita: abin da ya tsufa ya saki, abin da ya saki kuwa sai a cike shi da mai kauri. Da wannan fatawa ake ɗura wa inji mai lamba 40 ko 50 zalla, wani lokaci a ƙara masa gwangwanin maganin nan mai yauƙi kamar zuma, a sallami mota ta shiga hunturu. Wanda zai biya kuɗin wannan kuskure shi ne direban haya da motar ce gonarsa, da ma'aikacin da ya haɗa adashe da bashi kafin ya sayi 'yar Kwatanonsa, wanda in injin ya buga sai motar ta shekara a jingine a ƙofar gida.

Adalci ne a fara da cewa fatawar tana da asali. Kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, kuma 504 ta mallaki titunan Arewa shekara da shekaru. Injinta ƙirar shekarun 1960 ne, mai kafireto, hanyoyin mai a cikinsa masu faɗi. Irin wannan inji yana zaman lafiya da 20W-50, in ya kwana biyu ma ya fi son sa. Kanikawan da suka koyi sana'a a kansa ba su yi ƙarya ba. Matsalar ita ce kalmar "tsohuwar mota" ta tsaya cik, motar da ake nufi da ita kuwa ta sauya. Tsohuwar motar yau ita ce Corolla ta 2005, da Accord ta 2003 da ake wa laƙabi da EOD, da Camry ta 2008. Duk sun tsufa a shekaru, amma a ƙira ba 'yan uwan 504 ba ne ko kaɗan. A kan murfin baƙin man Corolla da aka sayar a Amurka an rubuta 5W-30, a kan na Accord mai silinda huɗu an rubuta 5W-20. Rubutun yana nan a gaban bakanike duk lokacin da ya buɗe murfin zai yi juye, sai ya ajiye shi a gefe ya zuba abin da ogansa ya zuba wa Fijo.

Lambobin da ke jikin galan ba ado ba ne. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara su a ma'aunin da ake kira J300, kuma kowace lamba sakamakon gwaji ce. Lamba ta biyu, wato 30 ko 40 ko 50, tana faɗin kaurin man ne in ya yi zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kusa da zafin da inji ke aiki a kai. Mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin sentistok 9.3 da 12.5, mai lamba 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai lamba 50 tsakanin 16.3 da 21.9. Lamba ta farko, mai harafin W, wadda aka ɗauko daga sunan lokacin sanyi a Turanci, tana faɗin yadda man yake in ya kwana cikin sanyi. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 15W a 20, 10W a 25, 5W a 30, 0W a 35 ƙasa da sifili, a ga ko inji zai iya juyawa a cikinsa. Sannan a ƙara sauka da digiri 5 a ga ko famfo zai iya jan sa. Gwaji biyu ne daban, a yanayi biyu daban. Saboda haka 5W-40 da 15W-40 da 40 zalla, in inji ya ɗau zafi, duk ajinsu ɗaya. Bakaniken da ya girgiza galan ɗin 5W-40 ya ji yana motsi, ya ce "Alhaji, wannan ai ruwa ne, ba zai riƙe maka inji ba", ya auna shi ne a zafin inuwar gareji, inda babu injin da ke aiki. A digiri 100 duk baƙin mai ruwa ne, har da wanda yake yabo.

Masu kare fatawar suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi: nan ba Kanada ba ce. Gaskiya ne. Hunturu yana shigowa daga Nuwamba ya kai Fabrairu, asubahin Kano a Janairu takan tsaya wajen digiri 13, Jos da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 takan sauka ƙasa da 10 a wasu darare, haka Agadas. Babu inda za a kai digiri 15 ƙasa da sifili, babu kuma wanda mansa zai daskare ya hana inji tashi. In dai tambayar ita ce ko mota za ta tashi, to za ta tashi da kowane mai.

Sai dai kaurin mai ba ya jira a kai sifili kafin ya fara hawa. Duk matar da ta taɓa karkata kwalbar manja da safiyar hunturu ta san haka. Hawa yake yi a hankali, sannan da sauri, kuma kowane irin mai da saurin hawansa. In aka ɗauki man da ake samu a kasuwa aka lissafa kaurinsa a digiri 10, 5W-30 zai tsaya wajen sentistok 300, 10W-40 wajen 500, 15W-40 wajen 600, 20W-50 wajen 1,000, mai lamba 50 zalla kuwa ya doshi 2,000. A lura da abu guda a nan: 40 zalla yakan haura 1,000, wato ninki biyu na 10W-40, alhali in sun yi zafi kaurinsu ɗaya ne. Ma'ana, wanda ya zaɓi 40 zalla bai ƙara wa injinsa kariya ko ta anini ba a kan hanyar Zariya da tsakar rana, abin da ya ƙara kawai shi ne wahalar asuba. Injin da aka ƙera ya yi aiki da mai mai kaurin 10 ko 11, an tashe shi da mai mai kaurin 2,000, an ce ya yi godiya.

Abin da ke faruwa a cikin minti na farko ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ɓarnar take, kuma ba a ganin ta. Mota ta kwana, man ya tsiyaye ya koma tukunyarsa a ƙasan inji. Da an murɗa makulli, famfo zai ja shi ta rariya, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa metal ɗin karanshaf, ya hau har saman inji inda kamshaf yake, wanda shi ne na ƙarshe a layi. Mai mai kauri yana tafiya ne kamar kunun da ya huce. Matsi zai tashi, sai bawul ɗin da ke kare famfo ya buɗe ya mayar da wani kaso na man tukunya, bai je ko'ina ba. Filta ita ma tana da nata bawul: in mai ya kasa ratsa takardarta, musamman in an taka totur, sai ta buɗe masa hanya ya wuce ba tacewa, domin gara mai datti da rashin mai. To a wane lokaci na shekara ne wannan ya fi haɗari? A lokacin da iska ke ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele a Chadi tana shimfiɗa ta a kan komai, ƙura mai laushi da ke ratsa tsohuwar filtar iska ta sauka cikin mai. Sanyin da ke buɗe wa mai hanyar kauce wa tacewa, shi ne ya zo da abin da ake buƙatar tacewa.

A injin zamani kuma mai ba shafawa kaɗai yake yi ba, ma'aikaci ne. Tsarin VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda da matsin mai suke juya kamshaf, ta cikin wani ɗan bawul na lantarki da 'yar rariya mai ramuka kamar na mataci. Abin da ke ɗaure sarƙar taimin shi ma mai ne ke tura shi. Ƙarar kwaram-kwaram da ake ji na daƙiƙa biyu ko uku da sassafe sau da yawa sarƙa ce ko giyar kamshaf ke jiran mai ya iso. Abin takaici, in mai mota ya kai wannan ƙara gareji, maganin da za a ba shi shi ne a ƙara kauri. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Me ya sa fatawar ba ta mutu ba, in har tana ɓarna haka? Saboda tana ba da sakamakon da kunne ke ji nan take. Mai mai kauri yana danne ƙarar inji in ya yi zafi, yana kashe jar fitilar mai da ke ƙyaftawa a silo, yana rage hayaƙi a salansa. Mai mota ya biya ya tafi yana sa albarka. Amma matsi ba gudu ba ne. Matsi alama ce ta yadda mai ke shan wuya kafin ya wuce. Wanda ya toshe bakin tiyo da yatsa ya ƙara matsi, bai ƙara ruwa ba. Fitilar da ke ƙyaftawa tana iya nufin metal ya cinye, tana iya nufin rariyar famfo ta toshe da dagwalo, tana iya nufin na'urar fitilar ce kawai ta lalace. A cikin ukun nan ɗaya ne kaɗai kauri ke ɗan taimaka wa, na biyun kuwa ƙara tsananta shi yake yi, domin rariyar da ta toshe ta fi shan wuya da mai mai kauri. Agogon auna matsi da ake ɗaurawa a jikin inji zai raba gardamar cikin minti goma. Garejin da ke da shi ba su da yawa, waɗanda ke ciro shi kafin su yanke hukunci sun fi ƙaranci.

Haka batun shan mai. An san injin 1ZZ na Corolla, musamman na farko-farko, da injin 2AZ na Camry ta 2007 zuwa 2009, da shan mai, har Toyota ta tsawaita garanti a Amurka saboda na biyun. Tushen ciwon yana jikin fistin: ƙananan ramukan da mai ke bi ya koma tukunya suna toshewa da gawayi, ringin da ke share mai ya maƙale. Wannan ciwo na datti ne da zafi da jinkirin juye. Zuba mai mai kauri, mai arha, mai ƙarancin sinadarin wanki a kan ramin da ya riga ya toshe, zai iya rage shan na wata biyu, amma ba ya buɗe ramin. In kuma robar bawul ce ta bushe, ko gasket ke yoyo, sai a canza su.

Fatawar tana da 'yar uwa da suke tafiya tare, ita ce cire tamostat. Da mota ta iso daga Kwatano, abu na farko da ake yi mata shi ne a zare tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 82 kafin ya sake shi zuwa lagireto, don inji ya ɗau zafi da wuri. In babu shi, a safiyar hunturu, motar da ke kai yara makaranta ta dawo ba za ta taɓa kai zafin aikinta ba. Kwamfutar inji za ta ci gaba da ƙara fetur tana zaton har yanzu ana ɗumi, rarar fetur ɗin ta wanke man da ke jikin silinda ta gangara tukunya, tururin ruwan da ƙonewar fetur ke haifarwa ya taru a cikin mai bai samu zafin da zai kore shi ba. Daga nan dagwalo ke farawa. Man da aka zaɓa don kaurinsa a digiri 100 sai ya ƙare rayuwarsa bai ga digiri 100 ba. Wanda ya haɗa cire tamostat da 50 zalla ya tilasta wa injinsa zama a minti na farko har tsawon tafiyar.

Duk da haka, akwai wani ɓangare da ya kamata a ja wa kunne, su ne sababbin malaman intanet da suka gano 0W-20 jiya suka ɗauke shi maganin kowace cuta. Sirantar man Amurka ba don lafiyar inji kaɗai aka yi ta ba. Dokar tsimin fetur da ƙasar ta kafa a 1975 ta matsa wa kamfanoni, shi ya sa Ford da Honda suka koma 5W-20 a wajen 2001. Littafin mota na irin waɗannan injuna da aka sayar a ƙasashe masu zafi yakan kawo jadawali mai faɗi, daga 5W-30 har 15W-40, wani ma har 20W-50, gwargwadon yanayi. Wato 20W-50 ba guba ba ne, halas ne a wasu injunan, ko da yake halas daban, abin da ya fi dacewa daban. Injin da ya yi kilomita 300,000, wanda zai fuskanci Afrilun Sakkwato ko Maiduguri inda ake haura digiri 40, yana da haƙƙin a ɗaga masa lamba ta biyu da mataki ɗaya. Ga Fijo 504 da tsararrakinta kuwa akwai ƙarin dalili. Kamshaf ɗinsu yana gogar ƙarfe kai tsaye, yana dogara da sinadarin ZDDP, haɗin tutiya da fosfaras, wanda tun 2004 aka taƙaita shi a siraran mai irin 5W-20 da 5W-30, fosfaras kada ya wuce kashi 0.08 cikin 100, don kare na'urar tace hayaƙi. Wannan iyaka ba ta hau kan masu lamba 40 da 50 ba. Mai 504 da ya zuba 15W-40 ko 20W-50 mai kyau yana kan daidai, wanda ya zuba mata 0W-20 don ya ga bidiyo ya yi nasa kuskuren. Abin da babu littafin motar fetur ta wannan ƙarni da ya yarda da shi shi ne 50 zalla da gwangwanin zuma a kai.

Akwai kuma haruffan da ba a kula da su, alhali sun kai lambobin muhimmanci. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana ba mai daraja da haruffa biyu: SL ta 2001, SM ta 2004, SN ta 2010, SP ta 2020. A jadawalin cibiyar, SF ba ta dace da yawancin injunan da aka ƙera bayan 1988 ba, SA kuwa, wadda ba ta da sinadari ko ɗaya, ba ta dace da na bayan 1930 ba. Yawancin 40 da 50 zalla masu arha da ke kan teburan bakin titi suna ɗauke da tsofaffin haruffa, in ma suna da su. Man awo da ake tsiyayowa daga duro a zuba a gorar ruwa ba shi da lamba, ba shi da harafi, ba shi da wanda za a kama. Ana sayar da shi ne da kaurinsa: a tsoma yatsa, a murza, a ɗaga a ga yadda yake zarya. Nan ne fatawar ta fi yin mugun aiki, domin ta mayar da kauri shaidar inganci, kauri kuwa shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira. Hukumar SON ta sha sanar da kama jabun baƙin mai, amma muddin mai saye da yatsa yake aunawa, kasuwar ba za ta rasa ciniki ba. Laifin a nan ba na bakanike kaɗai ba ne. Mai motar da ke canza waya duk shekara amma yake cinikin galan ɗin mai kamar zai sayi tumatir, shi ma yana da kasonsa. Araha dai ba ta ado.

Zaɓin kansa ba shi da wuya. A fara da abin da ke kan murfi ko cikin littafin mota, a ɗauke shi tushe. Lambar W a bar ta ƙasa, 5 ko 10, domin ba ta rage komai a zafi, kuma duk shekara za ta yi, ba sai an sauya mai don hunturu ba. In inji ya tsufa da gaske, an auna matsinsa da agogo an ga ya sauka, a ɗaga lamba ta biyu mataki ɗaya, daga 5W-20 zuwa 5W-30, ko daga 5W-30 zuwa 5W-40 ko 10W-40, a sa ido a kan sandar awo na mako biyu ko uku kafin a sake wani motsi. Tsofaffin motocin dizal irin su Hilux da bas-bas na haya 15W-40 mai harafin C ya ishe su. A mayar da tamostat, a gyara lagireton da aka cire shi dominsa. A lokacin ƙura a matso da juye kusa, a duba filtar iska tun kafin ranarta, a daina busa ta da iska mai ƙarfi har ta yage.

Sai al'adar ɗumama mota da asuba, inda ake tashin inji a taka totur har maƙwabta su farka. Ita ma gadon kafireto ce. Inji mai injekta ba ya buƙatar fiye da rabin minti ko minti ɗaya a silo, sannan a ja mota a hankali, ba tare da an ɗaga inji ba, har allurar zafi ta kai tsakiya. Man da ke tukunya yakan yi jinkiri fiye da ruwa wajen ɗaukar zafi, saboda haka ko allurar ta daidaita, a ƙara masa 'yan mintoci kafin a hau babban titi a buɗe wuta.